Ɗoɗɗoyar da Ta Yi Jego Tare da Ni

A gidanmu na Misfala, can ƙasan Makka, ba a zubar da ruwa. Wanda aka wanke shinkafa da shi ya wanke kwano, wanda ya wanke kwano ya kwantar da ƙurar tsakar gida. Babana ɗan ga-ruwa ne har ya koma ga Allah, sanda a kafaɗa da gwangwani biyu, daga mashaya zuwa benayen masu hali. Don haka duk wanda ya ɓarar da ruwa a gabanmu sai mu ji kamar kafaɗar Baba ya taka. Abu ɗaya ne a gidan yake shan ruwa safe da yamma ba mai yi masa gori, shi ne ɗoɗɗoyar Inna.

Randarmu, wadda mutanen gari suke ce wa zir, tana kan ƙafafun katako a lungun da rana ba ta leƙawa. Gindinta kullum cikin zufa yake, yana ɗiga. Larabawa maƙwabtanmu kwano suke tarawa su sha wannan tataccen ruwan. Inna kuwa ƙasa ta tara a wurin ta shuka ɗoɗɗoya. A garin da dutse ke ƙona tafin ƙafa, akuya na cin tsumma don rashin ciyawa, mu muna da abu kore a gida. Ganyenta ƙanana ne masu gashi-gashi, in ka murza sai ƙamshi ya bugi hancinka, wani abu tsakanin kanumfari da lemun tsami. Da ita ake farfesun kan ragon layya, ita ake jiƙa wa jariri in cikinsa na murɗa, busasshiyar kuma a turara wa sauro. Matan unguwa, Takari 'yan'uwanmu, sukan zo neman ganye. Wasu ba miya ce ta kawo su ba, so suke su shaƙa su tuna gida.

Irin ba na Makka ba ne. Kakata ce ta ƙulla wa Inna shi a bakin zane, a wani ƙauye gabas da Daura, ranar da ita da Baba suka kama hanyar hajji a ƙasa. Shekaru suka yi a hanya, su tsaya su yi noma ko ƙwadago, su haɗa guzuri, su ƙara gaba. Duk inda suka yada zango mai tsawo, Inna za ta nemi gindin randa, tata ko ta masu masauki, ta barbaɗa iri, ta jira ya fito ya yi fure ya bushe, ta ƙulle sabo. Ta yi haka a Borno, ta yi a Abashe, ta yi a Fashir, ta yi a Sawakin bakin teku. Baba yakan ba da labarin yadda ayarinsu ya tashi ya bar su a Abashe saboda Inna ta ce irinta bai bushe ba. Yana faɗa yana dariya, amma ya ce a lokacin ya kwana biyu bai yi mata magana ba.

Ni ce 'yar fari, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" nake, ko "yarinyar nan". Ba ta yabona a gaban mutane, ba ta kuma yi mini doguwar magana. Ban taɓa ɗaukar abin da zafi ba, duk 'yar farin da na sani haka uwarta take da ita.

An yi mini aure a shekarun yaƙin Turawa, lokacin da alhazai suka yi ƙaranci, Makka ta yi tsit, 'yan dako da 'yan ga-ruwa suka zauna suna kallon juna. Maigidana da dakon kayan alhazai yake ci. Da abin ya ƙi, sai ya sami aikin ban-ruwa a gonar wani Balarabe a Hada, can kan dutse kafin a kai Ɗa'ifa. Ranar da za a tafi da ni, mata sun yi mini nasiha har kaina ya yi nauyi. Inna kuwa ta jira sai da na kai bakin ƙofa. Ta kamo hannuna ta danƙa mini irin ɗoɗɗoya a ɗan ƙullin tsumma.

"Gindin randa," ta ce. "Kada ki yi mata wayo. Haka aka ce mini, haka na yi, ga ta nan."

Nasihar aurena ke nan daga bakin uwata.

A kan jaki aka kai ni. Mun wuce Arfa, fili fetal ba kowa, ni da ban taɓa ganinta ba sai cike da mutane. Daga nan muka kama hawan dutsen Kara. Ni da aka haifa a kwari, ban san ana hawa har kunne ya toshe ba. Hanyar 'yar siririya ce, dutse a dama, rami a hagu wanda ban yarda na leƙa ba, ga birai zaune a kan duwatsu suna kallonmu kamar su ne masu gari. Ina ta salati, jakin na tafiya abinsa. Da muka kai sama sai wata iska ta shiga mayafina, mai sanyi, alhali a ƙasa mun baro zafin da ke narkar da kitse. Na ɗaga kai na ga inabi a rataye, ga rumman, ga ɓaure, ko'ina kore har idona ya rasa inda zai tsaya.

Sai kuma na ga ruwa. Ruwa ne garai-garai a 'yar magudana ta dutse, yana tafiya shi kaɗai, ba mai shi a kusa, ba wanda ya bi shi da gwangwani. Na diro daga kan jakin na ce wa maigidana ya yi maza ya gaya wa mutane ruwansu na zuba. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ai aikin da aka ɗauke shi ke nan, ya buɗe wa ruwa hanya ya bi. Da la'asar ya kai ni bakin dutsen na leƙa. Gajimare na gani a ƙasa da ƙafafuna, fari fat, shimfiɗe har iyakar gani. Makka da zafinta da Inna duk suna ƙarƙashinsa. Na yi ta kabbara. Daga baya na saba da shi har yakan hauro ya shigo mana ɗaki ta ƙofa, ya jiƙa tabarma, ya fita ta taga, amma ban taɓa daina barin abin da nake yi in kalle shi ba.

Ɗakinmu na dutse ne, rufin ƙasa da itacen ar'ar, wata bishiya da ke tsirowa a kan dutsen. Abin da na fara yi bayan shara shi ne na nemi lungun da rana ba ta kaiwa, na kafa randa, na tara ƙasa a gindinta. Na kwance ƙullin Inna. Irin baƙi ne, ƙanana ƙwarai, sun fi riɗi ƙanƙanta. Na raba shi uku na barbaɗa kashi ɗaya. Ya daɗe kafin ya fito, ya kuma fito a yamutse, amma ya fito, na ce alhamdulillahi.

Ana nan aka gama tsinkar rumman, sanyi ya sauko. Ba irin sanyin Makka ba ne da mutum zai ja mayafi ya wuce wurin. Wannan har cikin haƙori yake shiga. Wata safiya na je ɗiban ruwan alwala a kwanon da ya kwana a waje, yatsana ya ƙi nutsewa. Na ƙwanƙwasa, na ji tauri. Na sa farce na ɓamɓaro shi, ya taso faifai guda, na ɗaga shi ina hangen rana ta cikinsa. Ruwa ne fa, ruwan da Baba ya ƙare rayuwarsa yana tarairaya kada ya zube, ga shi a hannuna ba kwano ba gwangwani. Na tsaya a tsakar gida ina tasbihi har ya narke ya bi gwiwar hannuna. Da na koma ɗaki na duba gindin randa, ɗoɗɗoyata ta yi baƙi ta kwanta kamar an zuba mata tafasasshen ruwa.

Muna da maƙwabciya, tsohuwa, uwar mai gonar. Hala nake ce mata, yadda ake kiran ƙanwar uwa a can. Tana da nata raihan, ɗoɗɗoyar Larabawa, mai manyan ganye a jikin katangar da rana ke duka. Da sanyi ya ja baya, bishiyoyin mishmish, wani kayan marmari na can, suka yi fure, na sake shuka kashi na biyu, ta zo ta tsaya a kaina tana kallo.

"Ya binti, esh hada, mene ne wannan? A wannan lungun? Kai shi rana."

"Rana, Hala? Ganye?"

Dariya ma ta ba ni. A Makka in ka ajiye ɗanyen ganye a rana da hantsi, kafin azahar sai dai ka murje shi ka zuba a miya. Na ce mata wannan ba irin nasu ba ne, wannan inuwa ta sani da gindin randa, tun daga ƙasarmu. Ta ɗaga kafaɗa ta ce, "Kullu raihan, duk ɗaya ne. Ɗebi nawa ki huta." Na murza nata na shaƙa. Yana da ƙamshi, ba zan yi masa ƙarya ba, amma ƙamshin kwalliya ne, ba na miya ba. Na yi mata godiya na ci gaba da barbaɗa nawa. Wannan karon ko ƙwaya ɗaya ba ta fito ba. Da na gaji da jira na tona, ƙasar sanyi ƙalau, tana warin ruɓa.

Kashi na uku na mayar cikin tsummansa na soke a jikin itacen rufi. Lokacin ciki ya shiga, laulayi ya sa ni gaba, ko ƙamshin wardin da ake tsinka a gonaki ba na son ji, balle in tuna da shuka. Hankalina kwance yake. Na ce ai uwar iri tana Misfala, duk ranar da na sauka sai in tambayi Inna abin da ke faruwa in ƙaro wani.

Sanyi na biyu ya zagayo, cikina ya tsufa. A al'ada gida ya kamata in tafi in haihu, amma ba mai saukar da mace mai wannan ciki ta Kara a kan jaki. Muna cikin wannan shawara sai labari ya hauro cewa an yi ruwa a Makka kamar da bakin ƙwarya. Duk ruwan da ya sauka a duwatsun garin ta Misfala yake bi ya fita, ɗakunanmu kuwa na gwangwani ne da kara. Ban sami natsuwa ba sai ranar da na hango jaki yana shigowa gonar, da wata 'yar tsohuwa a kai ta dunƙule cikin bargon aro. Inna ce. Kayanta ƙunshi ɗaya ne, a ciki har da dunƙulen kanwa da maƙwabta suka ba ta don kunun jegona.

Ta shigo ɗaki, ba ta kalli cikina ba, wannan kunya ce na sani. Lungun randa ta kalla. Ƙasa ce kawai a wurin. Ta zauna, aka gaisa, maigidana ya durƙusa daga bakin ƙofa ya yi mata barka da arziki, ya kwashe shimfiɗarsa ya koma rumfar gona. Sai da ta sha shayi ta yi sallar la'asar sannan ta yi magana, idonta na kan tasbaharta.

"Da saura?"

"Da saura, Inna. Sau biyu na shuka ta ƙi." Na nuna mata rufi.

Ta jinjina kai. "Tawa ruwa ya tafi da ita. Da randar, da ƙullin da na ajiye. Na bi gidajen da na taɓa ba su, har unguwar Hindawiyya na je, ba wadda ta ajiye iri. Ganye suka iya karɓa."

Ba ta yi maganar ɗakin ba, ko tukwanenta, ko akwatin Baba. Ƙannena maza suna Jidda suna neman na kansu, ba ta da inda za ta koma, zama ta zo yi. Na kalli ɗan tsumman nan da ke soke a rufi, bai kai kan babban yatsa ba. Duk tafiyar nan daga Daura abin da ya rage ke nan, kuma a ɗakina yake, a garin da ya riga ya kashe shi sau biyu.

Kafin in haihu Inna ta sa maigidana ya kwaɓa mata ƙasa, ta gina gadon jego a jikin bango, da raminsa a ƙasa inda ake zuba garwashi. Na haifi mace. Daga ranar aka kafa ƙatuwar tukunya a cikin ɗakin, don a waje iska ba ta barin ruwa ya yi zafin da Inna take so. Safe da yamma ta tafasa ruwa ta tsoma ganye ta fyaɗa mini, in sha kunun kanwa, in hau gado garwashin ar'ar na gasa ni. Hala ta shigo barka ta ga hayaƙi na fita daga ƙarƙashina, ta dafe ƙirji.

"Ya sattar! Gasa ta za ku yi?"

Inna ta ce, da Larabcinta da bai taɓa miƙewa ba, sanyi ne abokin gabar mai jego, in ya shige ta yanzu ba ya fita har ta tsufa. Hala ta fita tana salati, ta je ta gaya wa duk matan Hada cewa Takari suna dafa 'ya'yansu. Ni kuwa, Allah ya sani, tun da na hau dutsen nan ban ji jikina ya zama nawa ba sai a kan gadon nan. Na yi zufa. Ƙasar gadon in ta ɗau zafi wani ƙamshi take yi irin na tsakar gidanmu da hantsi.

Ba wanda ya tuna da rufi. Tururin tukunyar nan safe da yamma sama yake tafiya, ya taru a jikin itace, ya ɗigo. Bayan suna da 'yan kwanaki Inna ta miƙa hannu ta zaro ƙullin don ta duba. Na ga hannunta ya tsaya. Tsumman sharkaf yake. Ta kwance shi a hankali a kan cinyarta. Ƙwayoyin sun kumbura, kowacce ta yi wata riga ta yauƙi mai ruwan toka, sun manne da juna kamar ƙwan kwaɗo.

"Innalillahi," ta ce. "Ya farka."

Ban taɓa ganin haka ba, na tambaye ta ko a shanya. Ta ce irin da ya sha ruwa ya farka ba ya komawa barci. Ko ya shiga ƙasa yau, ko ya mutu a tsumma. A waje kuwa ranar raɓa ta daskare a kan ciyawa, fari sol. Inna ta tashi ta nufi lungun randa ta durƙusa ta fara gyara ƙasa.

"Inna, ba nan ba."

Ba ta juyo ba.

"Inna, sau biyu tana mutuwa a nan. Taɓa ƙasar ki ji."

"Ke za ki koya mini? Na shuka ta a ƙasa nawa kafin a haife ki?"

"Duk ƙasashen zafi ne. A can gindin randa ne wuri mai daɗi. A nan ko ni aka ce in kwana a wurin, gawata za a ɗauka."

Ban taɓa mayar mata da magana ba sai ran nan. Ta sa tafin hannu a kan ƙasar, ta daɗe ba ta ɗauke ba. Sannan ta ce, a hankali, "To ina? A waje ƙanƙara ce."

Ina zaune a kan gadon, jaririya a cinya, ɗumi na ratsa ni ta ƙasa. Ban yi wani dogon tunani ba, jikina ne ya ba ni amsa. Na dafa gefen gadon, wajen ƙafafuna, inda zafin bai cika yawa ba.

"Nan. Ita ma sanyin ne ya kama ta. A yi mata jego."

"La haula! A gadon mai jego? Wa ya taɓa yin haka?"

"Wa ya taɓa kawo ta inda ruwa ke zama dutse?"

Ta harare ni, harara mai kyau. Sai ta fita. Na ɗauka fushi ta yi, ashe kasko ta je nema. Ta dawo da shi cike da ƙasar gona da ta cuɗa da yashi da ɗan busasshen taki. Ta ɗora a kan gadon ta jira ƙasar ta yi ɗumi, tana gwadawa da bayan hannu yadda take gwada ruwan wankan jaririya. Da tsinke ta riƙa ɗaukar ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, don yauƙin ba ya barin a barbaɗa, tana ajiyewa tana bisimilla. Tsumman ma ba ta yar ba, ta shimfiɗa shi a gefe ta yayyafa masa ƙasa, ko da wata ta maƙale. Ta rufe kaskon da faifai.

Haka muka zama mu uku a gado, ni da 'yata da kasko. In Inna ta zuba garwashi sai ta taɓa ƙafata, ta taɓa kaskon, ta matsar da shi ko ta jawo shi. Ruwan da take yayyafa masa sai ta surka shi. Ina ganin yadda take ɗaga faifan nan da asuba ta mayar, ta ɗaga da hantsi ta mayar. Abinci ma ba ta ci sosai. Ga wani tari da ya kama ta tun hawowarta, don a tabarma take kwana a ƙasa, na yi na yi ta hau gadon ta ce ita ba mai jego ba ce.

Wata safiya ina ba yarinya nono na ji ta ce, "Ke." Yadda ta faɗa ya sa na ɗago da sauri. Tana riƙe da faifan a hannu, ta kasa ajiye shi. Na leƙa. Ƙasar ta tsattsage, ga wasu 'yan fararen zare sun lanƙwaso, kowanne ɗauke da baƙar hularsa a ka. Kafin azahar wasu sun yar da hular sun buɗe ganye bibbiyu, ƙanana kamar kan allura. A waje iska na kaɗa ƙofa, ruwan kwano ya daskare, a nan kuma abin da ya fito daga bakin zanen kakata, matar da ban taɓa gani ba, yana miƙewa a gefen ƙafata. Na ji tsoron Allah ya kama ni irin wanda ban ji ba ko a gaban Ka'aba, Allah ya yafe mini. Inna ta ce, "Subhanallahi," ta sake cewa, ta sake. Sai ta juya mini baya ta daɗe tana gyaran wutar da ba ta bukatar gyara.

Fitowa daban, rayuwa daban. Ɗakin duhu ne, suka fara tsawo suna ramewa, duk sun karkata wajen ƙofa. Hala ta leƙo ta gani ta ce, "Shams, ya nas, rana take so!" Wannan karon ba wanda ya yi mata gardama. Kullum in rana ta take Inna za ta rungumi kaskon a ciki, ta lulluɓe shi da mayafi, ta kai shi jikin katangar dutse inda zafi ke taruwa, ta zauna ta tare masa iska da jikinta. Idonta na bakin dutse. Da ta hango gajimare ya fara haurowa sai ka ga tsohuwa da gudu-gudu, kasko a ciki, tana tari. Ma'aikatan gona suka riƙa tsokanar maigidana wai surukarsa ma ta haihu. Duk da haka wasu sun kwanta, ƙafarsu ta tsinke daga ƙasa. Waɗanda suka tsaya ba su cika yatsun hannu biyu ba.

Da na yi arba'in Inna ta ce a kashe wuta, jego ya ƙare. Sanyi kuwa bai ƙare ba, tarinta ma ya ƙaru. Na sauko daga gadon na naɗe shimfiɗata na ce to, a kashe, amma kaskon fa? Ta kalli kaskon. Na ce ni na gama nawa, al'ada ba ta ce in ƙara ba, kuma ba a barin kasko shi kaɗai a gado, sai da mai jin zafin a jikinsa, in ya yi yawa ya matsar. Ta gane sarai abin da nake yi. Ta ce, "Yarinyar nan kin yi baki a dutsen nan." Amma ta hau. Ni na koma zuba garwashi, ina taɓa ƙafarta, ina taɓa kaskon. Kafin mishmish ya zubar da fure tarin ya tafi.

Sai da aka fara tsinkar wardi, dare ya daina cizo, muka dasa su a gindin katangar nan, a rana tsaka, nesa da raihan ɗin Hala. Inna tana dasawa tana girgiza kai, wai ita yau take sa ɗoɗɗoya a rana da hannunta. Suka yi wani irin girma da ba su taɓa yi a Misfala ba, har gwiwa, ganye ya yi duhu, ƙudan zuma na ta kai da kawo a kan furen. Ranar da ta fara tsinka ta murza ta kai hanci, ta rufe ido. Na tsaya ina jira, kada a ce dutse ya canza ta.

"Ita ce," ta ce.

Ta miƙa wa Hala ganye ɗaya. Hala ta shaƙa ta yi atishawa, ta yarda ba kullu raihan ba ne.

Da kan furen ya bushe ya yi ruwan ƙasa, Inna ta yanko, ta murje a faifai, ta fece ƙaiƙayin a hankali. Irin ya cika tafin hannu, baƙi sidik. Ta yage bakin tsohon zanenta ta yi ƙulli biyu. Ɗaya ta sa a ƙaramin gwangwanin shayi mai murfi, ta ce ba za a ƙara soke iri a rufi ba. Ɗayan ta ɗauka ta matso inda 'yata ke zaune a tabarma tana cin yatsa. Ta buɗe ɗan hannun ta sa mata ƙullin, ta riƙe hannun da nata.

"Ƙawata, ga naki, uwarki ta ajiye miki. In an kai ki ɗakinki, gindin ran..."

Ta tsaya. Ta kalli katangar, ta kalli gadon da ya huce a cikin ɗaki. Sannan ta zare ƙullin daga hannun yarinyar kafin ta kai baki, ta juyo ta kalle ni ido cikin ido, abin da ba ta saba yi ba, ta danƙa mini.

"Ke za ki gaya mata. Ni ban san inda za a kai ta ba."

Inna ba ta ga auren ba, a Hada muka binne ta. Kowace shekara ina sabunta ƙullin nan da sabon iri, a cikin wannan ƙyallen nata. Yarinyar kuwa Madina aka kai ta, garin da ban taɓa yin sanyi ko zafi a cikinsa ba. Ranar tafiya mata suka gama nasiharsu, na bi ta har bakin mota na kamo hannunta. Ita ma 'yar fari ce, ban kira sunanta ba.

"Ke," na ce. "In kin isa, kada ki yi saurin shukawa. Ki fara taɓa ƙasar ki ji."